Laujen da Na Ƙwace a Hannun Kawu

A Jidda na fara sanin cewa ni mai fenti ne. Haka aka rubuta a katin zamana, wanda kowa a can yake kira igama: Lauwali, ɗan Nijeriya, sana'a fenti. Ni kuwa tun da Inna ta haife ni a Zugu ban taɓa riƙe buroshi ba, ɗakinmu ma da jar ƙasa ake yaɓe shi. Noma na iya, sai acaɓa da na yi tsakanin Bukkuyum da ƙauyuka, da ɗan niƙan dutsen zinari da na taɓa a wajen Anka kafin in ga abin da ƙurarsa take yi wa yara in tsere. Dillalin da ya cinye babur ɗina da bijimin huɗarmu ya rantse cewa kamfanin gine-gine ne zai ɗauke ni, da ɗaki da abinci. Da na iso sai na tarar kamfanin allo ne kawai a saman wani rufaffen shago. Wani ɗan aike ya miƙo mini katin ta tagar mota, ya ce in je in nemi abin yi, in shekara ta zagayo zai neme ni a sabunta katin.

Dokar ƙasar ba ta da wuyar ganewa. Ka yi aikin da aka rubuta a katinka, a wurin mutumin da aka rubuta a katinka, shi ne kafilinka. Ni nawa kafilin ko muryarsa ban taɓa ji ba. Saboda haka ga kati a aljihu, mai hotona, na gaske ba jabu ba, amma duk abin da na ɗaga don in ci abinci laifi ne.

Kasuwar tumaki ce ta karɓe ni, don can ba a tambayar kowa komai in dai yana iya ɗaga rago. Ina loda dabbobi a mota, ina share garke, ina kwana a ɗaki ɗaya da mutanen Kano da Agadas da Chadi, kowa da irin munsharinsa. Abin da aka fara koya mini shi ne farar mota. In ka ga farar mota ta tsaya, mutum biyu masu fararen riguna sun fito riƙe da allon kwamfuta, to masu binciken ma'aikatar ƙwadago ne, ka yar da abin da ke hannunka ka zama mai sayen rago. Ranar farko da na gan su ban tsaya zama mai saye ba, na faɗa bayan wata babbar mota na kwanta a tsakiyar tumaki. Da na fito da la'asar, abokan ɗakina suka ce in kwana a waje, wai sun ga wanda ya fi su dacewa da garke. Na yi dariya tare da su, amma a raina na ji ƙasƙanci. Ni da ban taɓa satar ko kaza ba, ina ɓuya don na yi gumi.

Abin da ya fi wannan ci mini rai yana gida. Na baro matata Hassi da ciki. Ta haifi mace, 'yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Ba a jima da suna ba 'yan bindiga suka matsa wa Zugu, gonakinmu na bayan gari suka gagari kowa, Inna da Hassi da gidan Kawu Mande duk suka kwashe suka koma Gummi. Yarinyar ta yi rarrafe a waya, ta yi tafiya a waya, ta fara magana a waya. In aka nuna mata ni sai ta juya wayar ta leƙa bayanta tana neman sauran mutumin.

Ina son zuwa, amma zuwa iri biyu ne. Akwai bizar fita da dawowa, wadda kafili kaɗai yake iya nema wa mutum. Akwai kuma ka kai kanka gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, a ɗauki hoton yatsunka a sa ka a jirgi, ƙofa ta rufe a bayanka. Ta biyun kullum a buɗe take. Amma in na bi ta, wa zai ciyar da mutanen da ke ɗakin haya a Gummi ba gona? Wannan takarda ɗaya, ta fita da dawowa, ita na sa a gaba tun daga lokacin.

Hanyarta ta zo ta hannun wani Basudane mai suna Usman, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Ya zo sayen ragunan layya na maigidansa, na raɗa masa cewa wanda ya kama yana ɗingishi, mai shi ne ya tsayar da shi a jikin bango. Ya dube ni, ya ce in nuna masa katina. Da ya ga fenti ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya karɓi lambata ya tafi, na ce shi ke nan, an yi dariya an wuce. Sai da watanni suka shuɗe ya kira ni, ya ce in hau motar Madina, maigidansa yana neman ma'aikaci a gonarsa.

Gonar tana bayan gari, dabino sahu-sahu, ƙarƙashinsu an shuka ciyawar dabbobi da suke kira barsim, a gefe kuma ga babbar rumfa inda ake tsince dabino ana zuba shi a kwali. Mai ita Abu Nasir, gajeren tsoho mai kaurin tabarau. Na zauna da mutane da yawa, ban ga wanda ya haɗa tsoron Allah da tsoron takarda kamarsa ba. A ofishinsa akwai kabad na ƙarfe, kowane ma'aikaci da fayil ɗinsa: hoton igama, takardar yarjejeniya, inshorar asibiti, ranar da kowanne zai ƙare. Duk safiyar Lahadi sai ya buɗe ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa, kamar yadda Inna ke duba kajinta.

Ya ce zai mayar da sunana ƙarƙashinsa, a gyara sana'ar ta koma aikin gona, amma kafin kwamfutar gwamnati ta nuna haka ba zan taɓa komai ba. Na ɗauka irin maganar manya ce. Ashe da gaske yake. Makonni ina cin shinkafarsa ina kallon mutane suna aiki, har na ji kamar zan haukace. Wata safiya na ɗauki tsintsiya kawai don in share gaban rumfa, sai ga tsoho ya taho da sauri yana tuntuɓe da rigarsa.

"Ajiye! Ajiye, ya Lauwali! So kake ka rufe mini gona da tsintsiya?"

Usman ne ya fahimtar da ni daga baya. Maƙwabcinmu ya taɓa kwaso mutane a bakin titi lokacin girbi, masu bincike suka same su a kan itace. Tara ba ita ce babbar masifar ba. Rufe masa fayil aka yi a kwamfutar gwamnati, ya zama ba ya iya sabunta katin kowa, ba ya iya nema wa kowa bizar zuwa gida. Ma'aikatansa na halal, waɗanda ba su ci ba su sha ba, suka maƙale. Tun daga nan Abu Nasir ya shafa wa gemunsa ruwa, bai kuma bar shi ya bushe ba.

Ranar da sunana ya fito, da kansa ya miƙo mini lauje. Na shiga barsim na yi yanka har bayana ya ƙage, ina jin daɗi kamar ranar salla. A gonar na koyi hawan dabino, na koyi shan gahawa mai ɗaci ba tare da ɓata fuska ba, na kuma koyi ganin farar mota ba tare da ƙafata ta nemi gudu ba. Da shekara ta kusa zagayowa Abu Nasir ya ce in an gama girbi zai nema mini fita da dawowa. Na kira Hassi na faɗa mata, sai na ji tana jan hanci.

Ana tsakiyar girbin nan Kawu Mande ya zo Umara. Ɗansa Bala ya samu a harkar zinari, ya biya masa. Kawu yayan Inna ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya fara sa mini fartanya a hannu. Mutum ne da ban taɓa ganin ya wuce masu aiki ya tsaya a "sannunku" kawai ba. Ko jana'iza za shi, in ya tarar ana ɗaurin dawa sai ya ɗaure dami ɗaya. Da ya kira ni daga Madina ya ce yana son ganin inda nake, na yi murna, amma na tuna halinsa.

Na nemi izini. Abu Nasir ya dafa kansa ya ce, "Kawunka baƙona ne. Ya ci, ya sha, ya kwanta a inuwa. Amma bizar ibada ce a hannunsa, kuma lokacin girbi ne, masu bincike suna yawo. Ko kwando kada ya ɗaga. Ka faɗa masa."

Na ce to. Faɗar ce aiki.

Da hantsi tasi ta sauke shi, da babbar rigarsa shuɗiya da ƙullin kaya a hammata. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗago ni yana duba na sama da ƙasa.

"Lauwali, kai na wanga? Ka yi wuya kamar ɗan siyasa."

"Kawu, sannu da hanya. Ƙaƙa Inna? Ƙaƙa mutanen gida?"

"Lahiya lau suke. Innakka ta ce in duba ko kana cin abinci. Na gani, ba sai na tambaya ba."

Ƙullin daddawa ne da kuka da ƙuli-ƙuli. Da na kwance shi warin gida ya buge ni, na kau da kai don kada ya ga idona. Na shimfiɗa masa darduma ƙarƙashin dabino, na kawo gahawa da faranti cike da sabon dabino. Yana ci yana kallon ruwan da ke bin ƙananan magudanai, yana girgiza kai. Ya ɗebi ƙasar ya murza a tafinsa. Na san gonarsa ta Zugu yake tunawa, wadda rabonsa da ita tun kafin su tashi.

Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Kawu, nan ƙasar dokassu daban ta. Baƙo ba ya aiki."

"Ko gida baƙo ba ya aiki," in ji shi. "Taya mutane shika yi."

Ya kamata in tsaya in warware masa zancen fayil da kwamfuta da biza. Amma ta ina yaro zai fara karanta wa wanda ya rene shi doka? Na yi dariya, na ce ya huta, zan leƙa rumfa in dawo.

Ina rumfa ina jera kwalaye Usman ya shigo, ya ce a hankali, kamar kullum, "Sun zo." Na leƙa, ga farar mota a bakin ƙofa, mutum biyu sun nufi ofis, Abu Nasir yana gabansu da makullin kabad. Na san tsarinsu. Za su fara da fayil, sannan su fito su bi gona, duk wanda suka gani da kayan aiki su karɓi katinsa su gwada da abin da ke allonsu. Ban damu ba, katina tsaf yake. Sai na juya wajen darduma. Ba kowa a kai. Shuɗiyar riga tana rataye a jikin dabino.

Can cikin barsim na hango shi, daga shi sai 'yar shara, a duƙe, ya karɓi laujen wani ɗan Bangaladash ya ba sauran rata mai nisa. Su kuwa sun tsaya suna kallonsa suna murmushi. Na yi shekaru ban ga Kawu da fuska irin ta ranar ba. Har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Na ruga na duƙa kusa da shi. "Kawu, don Allah taso. Hukuma ta zaka."

"To mi? Sata nika yi?" Bai ko ɗago ba. "Waɗanga yara ba su iya riƙon lauje ba, cizon haki sukai. Bari in kai ƙarshen layin ga."

"Kawu, don girman Allah."

"Na ce bari in kai ƙarshe."

Na ji ƙarar ƙofar ofis. Abin da ya zo mini a ido ba Kawu ba ne, ba Abu Nasir ba ne, yarinyar nan ce tana leƙa bayan waya. Na kama hannunsa na murɗe laujen na fizge, a gaban mutane, na ce da ƙarfi, "Tashi ka zamna! Nan ba gonakka ba ta!"

Ya miƙe a hankali. Ya dubi hannunsa, ya dube ni. Ya je ya sa rigarsa, ya zauna a kan darduma ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗauki ɗan kofin gahawa ya riƙe.

Masu binciken suka bi mu ɗaya bayan ɗaya. Aka karɓi katina, aka duba allo, aka tambaye ni aikina da ko ana biyana a kan lokaci, aka miƙo mini. Ba su da tsawa, ba su da wasa. Da suka iso darduma, ƙaramin cikinsu ya nemi fasfo, ya ga bizar Umara, sannan idonsa ya tsaya a kan yatsun Kawu da suka yi kore da ruwan ciyawa. Ya ce in tambaye shi ko aiki yake yi a nan.

"Mi yac ce?" in ji Kawu, ba tare da ya kalle ni ba.

"Wai ko aiki kaka yi nan."

"Hwaɗa mai ni baƙo na. Nan ba gonata ba ta."

Da bakina na juya maganar zuwa Larabci. Abu Nasir ya ce baƙonsa ne, ya zo ganin ɗan ƙanwarsa. Mutumin ya mayar da fasfon da hannu biyu, ya ce Allah Ya karɓi ibada. Abin da suka samu a gonar duka shi ne inshorar mutum ɗaya da ta kusa ƙarewa, suka ce a sabunta. Da motar ta fita Abu Nasir ya zauna a kan kwali yana goge tabarau.

Kawu bai jira abincin rana ba. Ya ce kada jam'in azahar ya wuce shi a Harami. A bakin tasi na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Shi yi albarka," ya shiga. Har yau in aka mayar da ni wannan safiya zan karɓe laujen, ba ni da shakka. Maganar ce dai na rasa inda na samo ta, ga kalmomi cike da duniya.

Bayan girbi takardata ta fito. Na sauka Sakkwato, na hau motar Gummi, ina ta kallon gero da aka jingine a gonakin bakin hanya kamar ban taɓa gani ba. Inna ta tsufa fiye da yadda waya ke nunawa. Yarinyar ta ɓuya a bayan zanen uwarta, sai da na kwana biyu kafin ta yarda ta karɓi dabino a hannuna, ta kuma tsaya tana taɓa gemuna don ta tabbatar. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar Jidda.

Da baƙi suka ragu Inna ta kira ni ɗakinta. "Mi kay yi ma Kawunka? Tun da yad dawo ya ba da labarin Ka'aba, ya ba da labarin Rauda. In anka tambaye shi wurin aikinka sai ya ce dabinon na da zaƙi."

Na faɗa mata duka. Sai ta ce gobe su Kawu suna yankan shinkafa a fadama, in je.

Na same su da hantsi, shi da 'ya'yansa da maƙwabta, an jeru ana yanka. Ya amsa gaisuwata da kyau, har ya tambayi lafiyar maigidana. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro, aka kawo fura a kwano mai murfi.

"Ku bar Alhaji shi huta," ya ce wa 'ya'yansa yana nuna ni. "Baƙo na. Kada wanda ya ba shi komi."

Na zauna. Waɗanda muka yi wasan langa da su suna wucewa da dami a ka suna ce mini sannu da hutawa. Na kurɓi furar sau ɗaya na rufe kwanon. Na ga bayan Kawu ya ƙara lanƙwasa, in ya yanka kaɗan sai ya dafa ƙugu. Da rana ta take na cire agogo da takalmi, na naɗe wando, na shiga cikin laka har inda yake. Na durƙusa a gefensa na miƙa hannu biyu.

"Kawu, kawo in karɓa maka."

Bai saki ba. Ya tsaya yana kallon shinkafar har ƙarshen fadama, gumi na ɗiga daga gemunsa. Masu yanka na kusa da mu suka rage hannu.

"Gonar aro ta, Lauwali," ya ce a hankali. "Wagga ma ba tawa ba ta."

Ya juya laujen, ya miƙo mini ta wajen ƙota. Na duƙa na kama daga inda ya tsaya.